Mota da inji: inda tsara hanya da tsara jadawali suka yi kama, da inda suka saɓa

Na daɗe ina ɗaukar tsara hanyoyin motocin rarraba kaya da tsara jadawalin aiki a masana'anta a matsayin fannoni biyu da ba ruwan wani da wani, domin kowanne yana da masanansa da kalmomin da mutanensa suka saba da su. Masu hanya suna maganar nisa da ma'ajiya da kwastoma da nauyin da mota za ta iya ɗauka, masu jadawali kuwa suna maganar inji da aiki da wa'adi da layin jira. Sai wata rana ina rubuta lissafin wata matsala ta inji ɗaya mai ayyuka da yawa, na duba na ga abin da ke kan takardata bai bambanta da lissafin hanyar mota ɗaya ba ko da harafi guda, in ban da sunayen da na raɗa wa abubuwan. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, har ya kai ni ga wani kuskure da zan ambata a gaba, domin na ɗauka tunda lissafin ɗaya ne, to dabarar warware su ma ɗaya ce.

Ashe kusancin tun daga tushe ya faro. A shekarar 1954 masana uku na cibiyar bincike ta RAND da ke Santa Monica a Amurka, wato George Dantzig da Ray Fulkerson da Selmer Johnson, suka fitar da zagaye mafi gajarta da ya ratsa birane 49 na ƙasar, suka kuma kawo hujjar cewa babu wanda ya fi shi gajarta. Wannan ita ce matsalar da zan riƙa kira matsalar falke, wato ta mutumin da zai tashi daga gari ɗaya, ya bi ta kowane gari sau ɗaya tak, ya dawo inda ya taso. A cikin shekarar dai Johnson shi kaɗai ya wallafa ƙa'idar jera ayyuka a kan injuna biyu masu bin juna, wadda har yau da sunansa ake kiranta. A shekarar kuma Dantzig da Fulkerson suka nuna yadda za a gano mafi ƙarancin jiragen ruwan dakon mai da za su cika jadawalin da aka riga aka tsayar. Mutanen nan ba su ga wata katanga tsakanin hanya da jadawali ba, daga baya ne kowane fanni ya girma ya ja zuga tasa.

Hanya mafi sauƙi ta ganin kamannin ita ce a tsaya a gaban injin feshin fenti guda ɗaya wanda ake so ya yi ayyuka uku, ɗaya da farin fenti, ɗaya da rawaya, ɗaya da baƙi. Kafin a sauya launi dole a wanke bututun injin, kuma tsawon wankin ya dogara ga launin da aka bari da wanda za a shiga. A ce daga fari zuwa rawaya wankin minti 10 ne, daga rawaya zuwa baƙi ma minti 10, amma daga baƙi zuwa rawaya sai an yi minti 45, daga rawaya zuwa fari kuma minti 30, saboda ɗigon baƙi kaɗan yana ɓata launi mai haske, alhali ragowar fari ba ta yi wa baƙi komai. Wanda ya fara da fari ya bi da rawaya ya ƙare da baƙi ya kashe minti 20 a wanki, wanda ya juya jerin kuwa ya kashe minti 75, kuma lokacin feshin kansa bai ƙaru ba bai ragu ba. To idan aka ɗauki kowane launi a matsayin gari, aka ɗauki mintocin wanki a matsayin nisan da ke tsakanin garuruwan, injin ya zama falke ke nan, sai dai falke ne a ƙasar da zuwa da dawowa ba su zo daidai ba, kamar mai hawa tudu da mai gangarowa daga kansa.

Wani lokaci ma masana'anta ce take yi wa masu hanya kyauta. A 1964 Paul Gilmore da Ralph Gomory na kamfanin IBM sun yi nazarin tanderun da kowane aiki yake shiga a wani ma'aunin zafi ya fito a wani, inda abin da ake kashewa tsakanin aiki da aiki shi ne na ƙara wuta ko na rage ta. Sun nuna cewa wannan nau'in na matsalar falke ana warware shi da sauri komai yawan ayyukan, domin duk nisan da ke cikinsa ya rataya ne a kan abu guda, wato zafi, wanda ake iya jerawa daga ƙasa zuwa sama.

Idan motocin sun fi ɗaya, injunan ma sun fi ɗaya ke nan. Dantzig da John Ramser ne suka fara rubuta wannan a 1959, a kan tankokin da ke ɗaukar fetur daga babbar ma'ajiya zuwa gidajen mai, kuma daga nan ne fannin tsara hanyoyin motoci yake ƙirga shekarunsa. Yanzu shawara ta zama biyu a dunƙule: wane kwastoma za a ba wace mota, sannan da wane jeri motar za ta bi nata kwastomomin. Mai jadawali ya san tambayoyin nan sarai, domin su ne na raba ayyuka ga injuna iri ɗaya da jera su a kan kowane inji. Dabarar da Clarke da Wright suka fitar a Ingila a 1964, wadda har yanzu ake koyarwa a aji, ta nuna inda hankalin masu hanya yake. A ce kwastoma ɗaya yana kilomita 10 daga ma'ajiya, wani yana kilomita 12, tsakaninsu kuma kilomita 4. In kowanne aka tura masa motarsa, zuwa da dawowa kilomita 44 ne, in kuwa mota ɗaya ta haɗa su kilomita 26 ne, an tsira da 18 ke nan. Sai a lissafa wannan rarar ga kowane kwastomomi biyu, a fara haɗa waɗanda rararsu ta fi yawa, a yi ta haɗawa har mota ta cika. Babu agogo ko ɗaya a cikin wannan lissafin, taswira ce kawai da sikeli.

Akwai dalili mai zurfi da ya sa mayar da matsalar hanya ta jadawali, ko ta jadawali ta hanya, ba ya taɓa gagara. A 1972 Richard Karp ya kawo jerin matsaloli 21 da ya tabbatar tsaurinsu ɗaya ne, ta yadda duk wanda ya sami dabara mai sauri ta warware ɗaya ya sami ta sauran, kuma a cikin jerin akwai neman zagayen da ya ratsa kowane ɗigo, wato kowane gari, sau ɗaya, akwai kuma jera ayyuka masu wa'adi a kan inji ɗaya. Girman abin ba shi da wuyar gani: kwastomomi 10 ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800, in sun kai 20 kuwa, kwamfutar da take duba jeri biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shafe kimanin shekara 77 kafin ta gama. Sai dai iyakar abin da hujjar Karp ta ce shi ne ana iya sauya wa matsala riga ba tare da girmanta ya kumbura fiye da kima ba. Ba ta yi alkawarin cewa dabarar da take aiki a kan taswira za ta yi aiki a ɗakin injuna ba, kuma masu iya magana sun riga sun ce kama da wane ba ta wane.

Babban abin da ya raba su shi ne yadda ƙaramin gyara yake shafar jimillar lissafi. A tsantsar matsalar hanya, kuɗin tafiya tarin guntaye ne, kowane guntu tsakanin wurare biyu, kuma babu guntun da ya san da zaman ɗan'uwansa. Shi ya sa dabarar da Croes ya bayyana a 1958 take da araha: a yanke zagayen a wuri biyu, a juya ɓangaren da ke tsakiya, a sake ɗaurawa. Muddin zuwa da dawowa daidai suke, lambobi huɗu kawai ake dubawa don a san ko an ci riba, wato tsawon guntaye biyun da aka cire da na biyun da aka saka, ko da garuruwan sun kai dubu goma. Taswirar kanta ma tana taimako, domin ba a cika samun zagaye mai kyau da ya haɗa gari da wani mai nisa alhali ga maƙwabta a kusa ba, saboda haka ana iya watsi da mafi yawan haɗe-haɗen tun kafin a fara. Da irin wannan sauƙin, haɗe da jikokin dabarar da aka yi amfani da ita a 1954, manhajar Concorde ta kai ga warware matsalar falke mai ɗigo 85,900 a 2006, da cikakkiyar hujja.

A ɗakin injuna labarin ya sha bamban. Kowane aiki a nan yana da matakai, kowane mataki a kan injinsa, kuma ba a fara mataki sai wanda ya gabace shi ya ƙare: a yanka ƙarfe, a huda shi, a goge, a yi masa fenti, wani aikin kuma ya bi injunan da nasa jerin daban. Abin da aka fi nema shi ne lokacin da aiki na ƙarshe zai fita, wannan lokacin kuwa tsawon sarƙa ɗaya ce, mafi tsawo a cikin sarƙoƙin matakan da ke jiran juna, wadda take tsallakawa daga inji zuwa inji. Duk musanyar da aka yi a wajen sarƙar ba ta rage ko minti ɗaya, har ma tana iya jefa jadawalin cikin ƙulli, inda wannan mataki yake jiran wancan, wancan yana jiran na uku, na ukun kuma yana jiran na farko. In an yi musanyar a kan sarƙar, lokutan injuna da yawa sukan motsa a tare, sai an sake bin lissafin kafin a san inda sabuwar sarƙa ta biyo.

Ƙa'idar Johnson ta injuna biyu tana da sauƙin da ɗalibi zai iya bi da fensir: a nemo lokaci mafi gajarta a cikin duk matakan da suka rage, in a kan inji na farko yake a sa aikin a gaba, in a kan na biyu yake a tura shi baya, a soke shi, a maimaita. Da an ƙara inji na uku sauƙin ya ƙare, kamar yadda Garey da Sethi da wani Johnson ɗin daban, wato David, suka tabbatar a 1976. Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Fisher da Thompson, waɗanda suka wallafa wata matsala a 1963 mai ayyuka 10 da injuna 10, matakai 100 ke nan cif. Ta gagari masana fiye da shekara ashirin, sai a 1989 Carlier da Pinson suka wallafa hujjar cewa amsarta 930 ce. Duk wanda ya ce matsalolin biyu abu ɗaya ne ya kamata ya yi bayanin yadda birane 49 suka miƙa wuya tun 1954, alhali matakai 100 suka kai ƙarshen shekarun 1980 suna turjiya.

Kuskuren da na yi alkawarin ambata a daidai nan ya faru. Ina da wata manhaja da na rubuta da kaina don gyara hanyoyin motoci, ina kuma ji da ita, sai aka kawo mini jadawalin wani ƙaramin wurin ƙere-ƙere mai injuna 'yan kaɗan. Na mayar da kowane inji mota, kowane mataki kwastoma, lokacin sauya kayan aiki kuma nisa, na sake ta ta yi aikinta. Ta kuwa yi abin da aka gina ta a kai, ta tattara matakai masu kama da juna a jere a kan kowane inji har lokacin sauyi ya ragu sosai. Da na zana jadawalin a kan takarda mai layin lokaci sai gabana ya faɗi, domin injin goge ƙarfe yana zaune ba aikin fari balle na baƙi har kusan tsakiyar yini, yana jiran wani ƙarfe da injin yanka ya tura ƙarshen layi don kawai ya tsira da 'yan mintoci na sauya wuƙa. Jadawalin da shugaban ma'aikatan wurin yake yi da ka ya fi nawa saurin kammalawa. Ban ga laifin manhajar ba, ni ne na manta cewa a irin hanyoyin da na saba da su tafiya ce take cin mafi yawan lokaci, sauke kaya ɗan kaɗan ne, a wurin ƙira kuwa aikin kansa ne yake cin lokaci, sauyi ɗan kaɗan ne. Ga shi kuma motocina ba sa jiran juna, alhali injunansa kullum cikin jiran juna suke.

Inda fannonin biyu suke cuɗanya da gaske shi ne lokacin da kwastoma ya ce ga sa'ar da zai karɓi kaya, ba kafinta ba, ba bayanta ba. A ce kwastomomi uku suna kan miƙaƙƙiyar hanya ɗaya, A yana tafiyar minti 10 daga ma'ajiya, B yana 20, C yana 30, sauke kaya a kowane wuri yana cin minti 15, mota kuma tana tashi da ƙarfe 8:00. Ga mai duba taswira babu abin tattaunawa, domin ko an fara da A ko an fara da C tafiyar minti 60 ce. Amma a ce C ba ya karɓar kaya in an wuce 8:35. Motar da ta fara da A za ta bar wurinsa 8:25, ta bar wurin B 8:50, ta isa wurin C da ƙarfe 9:00 ta tarar an rufe ƙofa. Wadda ta zarce wurin C kai tsaye za ta isa 8:30, ta sauke, ta biyo ta kan B da A a hanyar dawowa, ta shiga ma'ajiya 9:45. Nisan ɗaya ne, man da aka ƙona ma ɗaya ne, amma ɗaya ta cika aiki, ɗaya ta dawo da kayan mutane. Yanzu a ƙara cewa A ma yana so a isa wurinsa kafin 9:00. In an fara da C, ko an tsallake B ba za a isa wurin A ba sai 9:05. In an fara da A aka tsallake B, ba za a isa wurin C ba sai 8:45. Gaba kura baya sayaki ke nan, babu jerin da mota ɗaya za ta bi ta gamsar da kowa, dole a fito da mota ta biyu ta je wurin A ta dawo, tafiya ta tashi daga minti 60 zuwa 80, a kuma biya direba na biyu, duk saboda minti biyar.

Martin Savelsbergh ya nuna a 1985 cewa da zarar an sa wa'adi mai farko da ƙarshe, gano ko akwai jeri mai yiwuwa ma, balle mafi kyau, ya shiga rukunin matsaloli masu tsauri. In babu wa'adi kowane jeri karɓaɓɓe ne, mai kyau da mummuna kawai ake tantancewa. Abin lura shi ne wannan tsaurin bai zo daga taswira ba, domin ko da an mayar da duk nisan sifili, abin da zai rage shi ne inji ɗaya da ayyukan da kowanne yake da lokacin isowa da lokacin da dole a gama shi, kuma an san tun shekarun 1970 cewa wannan ma ba kanwar lasa ba ce. Dabarar yanka da juyawa ita ma ta rasa sauƙinta, tunda juya ɓangaren zagaye yana mayar da kwastoman safe na yamma. Maganin da masu hanya suka samo ɗan'uwa ne ga abin da masu tsara manyan ayyukan gini suke lissafawa tun ƙarshen shekarun 1950, wato rarar lokaci. Manhaja mai kyau tana ajiye lamba ɗaya a kowane zango, mintoci nawa za a iya jinkirta isowa nan ba tare da wani na gaba ya rasa wa'adinsa ba, kuma duk jiran da mota za ta yi a ƙofar wanda bai buɗe ba tukuna yana shanye jinkirin da aka taho da shi.

Faɗin wa'adin kansa yana da wani hali da ban yi tsammani ba. In an buɗe shi gaba ɗaya an koma tsantsar matsalar hanya mai tsauri. In an matse shi har ya zama tsayayyen minti, kamar motocin bas masu lokacin tashi da isa da ba ya canzawa, ko jiragen dakon man nan na 1954, sai matsalar ta yi laushi, domin agogo ya riga ya jera komai, abin da ya rage kawai shi ne wace tafiya za ta iya bin bayan wacce a mota ɗaya, wannan kuwa haɗa bibbiyu ne da ake warwarewa da sauri. Sauƙin yana da sharaɗi, domin da zarar motocin sun kasance na tashoshi da yawa, kuma dole kowacce ta kwana inda ta fito, tsaurin ya dawo. Tsakanin iyakokin nan biyu ne Marius Solomon ya shimfiɗa matsalolin gwaji 56 a 1987, kowacce da kwastomomi 100, wasu a warwatse, wasu a dunƙule, wasu a gauraye, wasu da matsattsen wa'adi wasu da mai faɗi, kuma har yau ana auna sababbin dabaru da su. Dabarun da ke neman amsa mai hujja sun fi jin daɗin masu matsattsen wa'adi da gajerun hanyoyi, saboda agogo yana kashe mafi yawan jerin tun kafin a duba su.

Igiyar da take ƙarasa mayar da matsalar hanya ta jadawali ita ce jiran juna. Muddin kowace mota tana harkar gabanta, ana iya gyara hanyar ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Amma a ce babbar mota ba za ta sauke inji mai nauyi ba sai motar ƙugiya ta iso wurin a lokaci guda, ko ma'aikacin haɗa na'ura ba zai shiga gida ba sai mai kawo na'urar ya riga shi, ko majinyaci yana bukatar ma'aikatan jinya biyu a tare don a ɗaga shi. Jinkirin minti goma a hanya ɗaya yana tsallakawa ta biyu, daga nan ya faɗa ta uku, kuma ƙullin nan na ɗakin injuna yana iya bayyana, inda mota ta farko take jiran ta biyu a wani wuri, ta biyun kuma tana jiran ta farko a wani wurin daban. Christopher Beck da Patrick Prosser da Evgeny Selensky sun yi gwaji a kan wannan a tsanake a 2003, inda suka riƙa sauya halayen matsalolin ɗaya bayan ɗaya suna auna dabarun fannonin biyu a kansu. Abin da ya fi ɗaga dabarun jadawali shi ne ƙara sharuɗɗan lokaci tsakanin ziyara da ziyara, da kuma taƙaita motocin da suka cancanci zuwa wurin kowane kwastoma. Da na karanta sai na ga hoton kuskurena, domin a wurin ƙirar nan kowane mataki inji ɗaya ne tak zai iya yin sa, kuma kusan kowanne yana da wanda yake jira.

Sai kuma direba, wanda taswira ba ta nuna shi ko kaɗan. A Tarayyar Turai, dokar da aka kafa a 2006 ta ce direban babbar mota ba zai wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi ba sai ya huta minti 45, wanda yake iya rabawa minti 15 da farko sannan 30, kuma tuƙin yini ba zai wuce awa 9 ba, in ban da sau biyu a mako da aka yarda ya kai 10. Wannan hutun aiki ne kamar kowane aiki a jadawali, yana da tsawo yana da wa'adi, sai dai ba shi da wuri a taswira, ana iya ajiye shi ko'ina kafin awa huɗu da rabin su cika. A ce mota ta yi tuƙin awa uku ta isa ƙofar kwastoma minti 45 kafin ya buɗe, sannan akwai tuƙin awa biyu a gabanta zuwa kwastoma na ƙarshe. Manhajar da ta tsara hanya tukuna sannan ta liƙa hutu daga baya za ta bar direban ya yi zaman jira, ya sauke kaya, ya yi tuƙin awa ɗaya da rabi, sannan ta tsayar da shi a gefen titi na wasu minti 45. Wadda take lissafa hanya da agogo a tare za ta rubuta zaman jiran nan a matsayin hutun da doka ta nema, muddin direban bai taɓa wani aiki a cikinsa ba, sai ya yi tuƙin awa biyun a miƙe, ya isa wurin kwastoma na ƙarshe minti 45 kafin lokacin da ta farkon ta ba shi, a kan titi ɗaya da mai ɗaya.